Abdu Garba Ashirin da Uku

Ku yaran yanzu, da kun hangi malamin jami'a da jaka a hammata da tabarau a karan hanci, sai ku ce wannan ya huta, aikinsa surutu a inuwa. Na sha jin haka a majalisar ƙofar masallacinmu a Agege, nan Ikko. Har wani mai gyaran waya ya taɓa ce mini da shi ke da aikina da tuni ya yi tumbi. Ban yi musu da shi ba, don na san bai taɓa zama ya karanta shafi ɗari huɗu na rubutun mutumin da shi kansa bai san abin da yake son faɗa ba. To ku gyara zama. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da dokar shige da fice, wato wa ke da izinin shiga ƙasa, wa ke da izinin zama, wa kuma za a tasa ƙeyarsa. Cikin shekarun nan kaf, ban taɓa jin kunya irin ta shekarar 2001 ba.

Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba. Jan biro, alli, da haƙuri. Sai wannan gwangwanin madarar gari da ke kan teburina, wanda ɗalibai ke mamakin me ya sa nake barinsa wayam alhali birona na yawo a ƙasa. Zan zo kansa.

A unguwa kuwa ba wanda ya taɓa fahimtar sana'ata. Tunda aka ji an ce ni malamin dokar fita waje ne, shi ke nan na zama mai raba biza. Da asuba in fito sallah in tarar da mutum a ƙofar gida da fasfo a leda, yana cewa, “Oga Dakta, ko ta wata uku ce a taimaka.” In ce masa ni koyar da dokar nake yi, ba ni da hatimi. Sai ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa mahaucin da ba shi da wuƙa, ya tafi ya ce wa mutane na yi girman kai.

Wanda ya koya mini aikin wani tsohon farfesa ne Bayarabe, mutumin da ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi hujjarta. Shekara biyar ina kai masa babi yana dawo mini da shi jawur kamar an yanka kaza a kai. Wata rana ya ce mini, da Yarabanci ma ya faɗa don ya san a Agege aka binne cibiyata, “In ɗalibi ya kawo maka kundi, fara karantawa daga baya. Gaban kundi falo ne, an share shi don baƙi. Baya ne ake tura shara.” Na rubuta maganar a littafi na ja mata layi biyu. Da na zama mai duba kundin wasu, ga aji mai ɗalibai cike har taga, ga masu digiri na biyu, ga na uku, sai na koma zama a falo kamar kowa. Abin da ake liƙawa a ƙarshen kundi, wanda muke kira rataye, na daina ko ɗaga shi.

Rifkatu ita ce ɗaliba mafi ƙwazo da na taɓa dubawa. 'Yar kudancin Kaduna ce, lauya, tana aiki a ƙarƙashin wani babban lauya a Mushin, ta fito daga kotu ta kamo danfo, wato bas ɗin haya, ta zo mini da babi. Tun zamanin soja ta fara digirinta na uku. Rufe makaranta ya ci mata shekara guda, yajin aiki ya ci mata wata, faifan kwamfuta ya haɗiye mata babi biyu a wani shagon buga takardu. Shekarar 2001 ita ce ta bakwai, kuma a ƙa'idarmu ita ce ta ƙarshe. Bincikenta a kan 'yan ci-rani ne na Nijar masu tura kurar ruwa a Agege: doka ta ce su shigo da takarda, to yaya suke rayuwa a zahiri? Babinta na biyar hira ce da mutum ashirin da uku da ke kwana a shago ɗaya bayan layin dogo. Ban taɓa karanta babi mai daɗinsa ba.

To da farar hula suka dawo, kowa ya tashi da zazzaɓin kwamiti. Wani kwamiti a makarantarmu ya kafa doka cewa duk wanda ɗalibi ya yi hira da shi sai ya cika takardar amincewa, da sunansa da sa hannu ko dangwala yatsa, a liƙa a bayan kundi. Wato mutumin da kake bincike a kansa saboda ba shi da takarda, shi ne zai cika maka takarda. Rifkatu ta cika umarni. Ni kuma na sa hannu cewa na duba kundin daga bango zuwa bango, aka aika wa baƙon farfesan da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ta.

Saura mako biyu ranar kare kundi, shugaban sashenmu ya aiko kirana. Na tarar ya baje takardu a kan tebur kamar shanya. Takardun amincewa ne guda ashirin da uku. Suna a kan kowace: Abdu Garba. Ƙauye ɗaya, shekarar haihuwa ɗaya. Yatsan da aka dangwala ma ɗaya ne, ga tabon yanka nan ya ratsa tsakiyarsa sau ashirin da uku. Alhali a cikin babin, wani shekararsa goma sha tara, wani yana da jikoki, wani bai taɓa aure ba, wani kuma ya yi sau uku. Baƙon farfesa, wanda da alama shi yana karantawa daga baya, ya rubuto cewa wannan ko dai ƙarya ce ko mu'ujiza, kuma tsangayar shari'a ba ta ba da digiri a kan ko ɗaya daga ciki. In ƙarya ta tabbata, ba digirin kaɗai zai tafi ba, har rigar lauyanta sai an tuɓe.

Na kira ta ofis ina huci.

“Rifkatu, mene ne wannan?”

“Malam, ai na ce ka duba rataye na uku. Sau biyu na faɗa. Ka ce ka duba, ba matsala.”

Wanzami ba ya son jarfa. Na yi gyaran murya na ce ba wannan nake tambaya ba, mutanen nan akwai su ko babu?

“Akwai su, Allah ya sani. Amma dalilin sunan ba zan iya faɗa ba. Na yi musu alkawari ba zai shiga takarda ba, ba zai fita bakina ba.”

“Shekara bakwai fa, Rifkatu.”

“Na sani, Malam. Ni na yi su.”

Ta tattara jakarta ta fita. Na ji haushinta, kuma na ji ta burge ni, na rasa wanne ya fi yawa.

Washegari da la'asar na nufi shagon bayan layin dogo. Layi shida ne tsakaninsa da gidana. Shekara da shekaru mutanen nan ke cika mini duro, ban san sunan ko ɗaya ba, “mai ruwa” kawai nake ƙwala wa kira. Na tarar da su sun jera kurayen ruwansu a gindin katanga ana dafa shayi. Babbansu wani dattijo ne siriri mai farin gemu, na gane shi nan take, shi ke kawo mana ruwa ranar Juma'a. Da ya miƙo mini hannu na ga tabo a babban yatsansa.

“Baba, kai ne Abdu Garba?”

“Yau dai ba ni ba ne, Mushe. Yau Ilu na, ya tahi Mushin kai saƙo.”

Mushe shi ne malamin boko a bakinsu. Ya ga na yi sororo, sai ya nuna mini ƙusa a bango inda wata igiya ke reto ba komai a jikinta. Ya ce nan ake rataye gwangwani, cikin gwangwanin kuma akwai katin shaida guda ɗaya tak. Nasa ne, ya samo shi shekara ashirin da biyu da suka wuce lokacin da yake gadi a gidan wani babban ma'aikaci a can ƙasarsu. Sauran 'yan ƙauyen ba mai takardar haihuwa, kuma ofishin da ake yin katin tafiyar kwana biyu ce, in ka je a ce kawo takardar haihuwa. Saboda haka katinsa ya zama na gari. Mutum ya ƙetaro iyaka da shi, direban motar shanu ya mayar da shi ƙauye, na gaba ya taso. A nan Ikko kuwa, duk wanda zai fita nesa inda 'yan sanda ke tare hanya, shi ke ɗauka, kamar yadda ake ɗaukar buta.

“Ba a duba hoton?” na tambaya.

“Jandarma hatimi shi ka duba, Mushe. Na nan kuma ba su jin Faransanci, sai su juya shi gaba da baya su miƙo.”

“To me ya sa kuka rubuta wa Rifkatu suna ɗaya?”

“Takardar hukuma ce ta kawo. Sunan da hukuma ta sani gare mu guda na. Sunayen da iyayenmu sunka raɗa muna, na gida na.”

“Yatsan fa? Ai da kowa ya dangwala nasa.”

Ya dube ni kamar na yi saɓo. “In ba da sunana, in bar wani ya dangwala yatsanai ƙarƙashi? Wanga ai zamba ce, Mushe. Mu ba mu zamba.”

Ina zaune ina lissafa sassan dokar da aka karya a cikin shagon nan. Na kai bakwai aka miƙo mini kofin shayi, sai na daina. Na gaya musu halin da ake ciki, da abin da zai sami Rifkatu.

“Ɗiyar nan ba ta hwaɗi ba?” in ji Baba Abdu.

“Ko ni ba ta gaya wa ba.”

“To mu za mu hwaɗi. Wace rana ce?”

Na yi masa gargaɗi irin na malamin doka, na ce in suka fito fili katin na iya salwanta. Ya ce wadda ta yarda ta zubar da shekara bakwai saboda gwangwaninsu, ba za su zauna suna shan shayi a kore ta ba. Rifkatu da ta ji ta zo har shagon tana roƙonsu kada su zo. Suka ba ta shayi ita ma.

Matsalar ita ce ƙofar makaranta. A lokacin an tsaurara, ba mai shiga sai ya nuna kati an rubuta sunansa a rajista. Na rubuta wa ofishin tsaro takardar neman izinin baƙi ashirin da uku. Aka ce sai kwamiti ya zauna. Izinin ya fito kuwa, ba zan yi musu ƙarya ba, mako uku bayan an gama komai.

Ranar kare kundi rabin unguwarmu ba a yi wanka ba. Na baro uwargida tana tsaye a ƙofa da bokiti tana tambayar ko masu ruwa ma sun shiga yajin aiki ne. A ƙa'ida mai duba kundi ba ya magana a wurin jarrabawa, zama kawai yake yi kamar tukunyar fure. Na zaɓi kujerar bakin taga, a bene na biyu, inda nake hango ƙofa da katanga. Ƙarfe goma baƙon farfesa ya buɗe rataye na uku ya fara. Rifkatu ta amsa duk abin da ya shafi doka tsaf. Da ya zo kan sunan, sai ta ce ba za ta iya bayani ba. Ya ɗauki bironsa.

Daidai nan na ga danfo biyu sun tsaya nesa da ƙofa, mutane suna fitowa cikin kayan Juma'a. Ɗaya ya matso, ya nuna wa mai gadi kati, aka rubuta, ya shigo. Ya bi jikin katanga har bayan wata bishiyar mangwaro. Sai na ga gwangwani ya tashi sama yana ƙyalli, ya ƙetare katanga, wani ya cafe a waje. Can sai ga na biyu a ƙofa. Na cire tabarau na goge na mayar. Gwangwani ya sake tashi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. Wani saurayi ya shigo ya cire takalmi ya yi sallama. Shugaban sashe ya ba ni izinin yin tafinta kawai, ban da ƙari. Farfesa ya ce a tambaye shi sunansa.

“Abdu Garba.”

Kafin ya gama rubutawa aka sake ƙwanƙwasawa.

“Abdu Garba.”

Farfesan nan ba wawa ba ne. Ya buɗe babi na biyar, ya riƙa jefa wa kowa tambaya daga ciki: wane ne rijiya ta rufta da ƙaninsa, wane ne aka tsare kwana huɗu a Mushin, wane ne bai ga 'yarsa ba tun haihuwarta. Kowace tambaya sai mai ita ya ɗaga hannu ya ƙarasa labarin da abin da ko a kundin babu. A na tara farfesa ya ajiye biro. A na goma sha biyar kujeru sun ƙare, an zazzauna a ƙasa har gindin allo. Rifkatu ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa, ban san kuka take ko dariya ba. Ilu ne ya yi bayanin gwangwani, ni kuma na fassara, ina jin kowace kalma kamar ina karanta wa kaina takardar tuhuma.

Farfesa ya ce bai yarda an shigo makaranta da kati ɗaya ba, a kawo masa rajistar ƙofa. Aka kawo, da mai gadin gaba ɗaya. Ga shi nan da rubutun ma'aikacin jami'a, layi ashirin da biyu a jere, Abdu Garba, Abdu Garba, har shafi ya ƙare aka juya. Aka tambayi mai gadi bai lura ba? Ya ce ya lura mana, amma shi a saninsa 'yan Arewa duk sunansu ɗaya ne. Farfesa ya yi dariya har ya sarƙe aka ba shi ruwa. Ya ce in jami'a da kanta ta karɓi Abdu Garba ashirin da biyu a safiya ɗaya, shi wane ne da zai ƙi na ɗaliba? Ya ce gyara ɗaya ne a kundin: a cire rataye na uku, kada ya shiga laburare. Ya miƙe ya kira ta Dakta.

Sannan ya ƙirga kawuna. “Ashirin da biyu. Ina mai yatsan?”

Na leƙa taga. Baba Abdu ya bari yara sun riga shi, shi ne na ƙarshe. Da aka kira mai gadi sama, shugaban masu gadi ne ya karɓi ƙofa da kansa, wani tsohon soja mai tsantseni, irin mutanen da nake koya wa ɗalibai cewa da su ake gina ƙasa. Shi kaɗai a tarihin katin nan ya dubi hoto ya dubi fuska. A hoton saurayi ne mai kumatu da baƙin gashi. A gabansa kuma tsoho ne mai farin gemu da haƙora huɗu. Duk ashirin da biyun da suka shige sun fi Baba kama da hoton. Ya ƙwace katin, ya ce tsohon nan ya zo da shaidar wani.

Muka sauko gaba ɗaya, baƙon farfesa, shugaban sashe, sabuwar dakta, ni, da shaidu ashirin da biyu. Tsohon soja ya ce ba laifi, duk mai shaidar cewa wannan shi ne mai katin ya fara nuna nasa katin. Shaidu suka dubi juna. Rifkatu ta ce a gwada yatsa, aka duba wurin yatsan a katin, gumin mutanen ƙauye guda ya cinye shi tuntuni. Ta kawo sashe da ƙaramin sashe, ya ce shi ba kotu ba ne. Sai na fito da katina na ma'aikaci na ce ni na san shi, shekara da shekaru yana shiga gidana.

“Oga, tun yaushe ka san sunansa?” in ji tsohon sojan.

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Amma Baba yana kallona. Na ce mako biyu.

Aka sa katin a fayil, aka aika fayil gaban kwamiti. Albarkacin farfesoshi aka bar Baba ya tafi, ba a kira 'yan sanda ba. Rifkatu ta shekara tana rubuta wasiƙu da sabon laƙabinta a ƙasa, kullum amsa ɗaya ce, ana dubawa. Daga ranar mutanen shagon suka daina fita nesa. Wanda ya kamata ya taso daga ƙauye a kakar nan bai taso ba.

Da damina ta kusa, Baba Abdu ya zo gidana ranar Juma'a ya cika duro kamar kullum. Ya ce zai tafi gida noma, kuma tunda ba takarda, ta daji za su zaga da shi, shi da bai taɓa ƙetare iyaka a ɓoye ba tun yana saurayi. Na ce ya yafe mini, laifina ne, da na karanta daga baya da duk haka ba ta faru ba. Ya ce ɗiyarsu ta zama dakta, ba a yi asara ba. Sai ya ƙara da cewa:

“Amma Mushe, kai da ka karanci dokar, hwaɗa mini. Wanga kati ya yarda da kowa. Mi ya sa ni kaɗai ya ƙi?”

Na buɗe baki. Shekara ashirin a lokacin ina tsayawa gaban aji ina magana awa biyu ba ko shan ruwa, amma ranar ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Bai matsa mini ba. Ya ciro gwangwanin daga cikin kurarsa ya ɗora mini a hannu.

“Riƙe wurinka. In sun maido shi ka sa shi ciki, ba ya son damshi.”

Bai sake dawowa Agege ba. Ni kuma tun daga ranar kowane kundi daga baya nake fara shi, kuma duk wanda ya shigo gidana da jarka sai na tambayi sunansa. Kwamitin, a iya sanina, yana nan yana dubawa. Shi ya sa ba na sa biro a cikin gwangwanin.